Waya, Intanet da Gyaran Unguwa a Birni: Tambayoyi da Amsoshi

Duk inda aka zauna maganar gyaran unguwa a 'yan shekarun nan, ba a daɗewa wani zai ce, "Me zai hana mu yi manhaja?" ko kuma, "A buɗe mana zaure a WhatsApp kawai." Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi fitowa daga bakin masu son yi wa unguwarsu aiki da waya da intanet. Na amsa su da abin da birane daban-daban suka riga suka gwada, wanda ya ɗore da wanda ya rushe.

Mece ce fasahar al'umma, kuma da me ta bambanta da sauran manhajojin waya?

Ita ce duk wata na'ura, manhaja ko tsarin tara bayanai da ke taimaka wa mazauna wuri su tafiyar da abin da suka yi tarayya a kansa: titi, ruwan sha, magudana, shara, fitilun dare, makaranta, da kuɗin da hukuma ke kashewa da sunansu. Manhajar ciniki mai saye take nema. Wannan kuwa mai haƙƙi take nema, wanda yake da ta cewa a kan wurin da yake kwana.

Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 sun nuna kashi 55 cikin ɗari na mutanen duniya a birane suke, kuma ana hasashen za su kai kashi 68 nan da 2050. Birni kuwa wuri ne da za ka shekara goma bango ɗaya ya raba ka da mutum ba ka san sunansa ba, alhali kwata ɗaya ce ke ɗauke ruwan gidajenku. Ranar da ta toshe, ku biyun za ku kwana cikin ruwa. Wayar da ke aljihunku ita ce hanya mafi kusa ta haɗa ku, ta kuma haɗa ku da wanda aikinsa ne ya yashe kwatar.

Da gaske kai ƙorafi ta waya yana sa a gyara abu?

Yana sa, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi manhajar muhimmanci.

Birnin Baltimore na Amurka ne ya fara amfani da lambar 311 a 1996, don a rage wa lambar gaggawa ta 911 nauyin kiraye-kirayen da ba na ceton rai ba: mataccen kare a titi, fitilar da ta mutu, maƙwabci mai hayaniya. New York ta bi sahu a 2003. A Birtaniya, ƙungiyar mySociety ta buɗe shafin FixMyStreet a 2007. Tsarinsa ba wuya: ka nuna wurin a taswira, ka ɗauki hoto, ka rubuta abin da ya lalace, shafin ya tura wa hukumar da abin ya shafa. Ba sai ka san wane ofishi ke da alhakin wane titi ba, wanda shi ne abin da ke fara karya wa mutane gwiwa.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne ƙorafin a fili yake zama. Takardar koke da ka miƙa wa magatakarda tana iya kwana a aljihun tebur har ta yi ƙura, babu wanda ya san an taɓa rubuta ta. Ƙorafin da ke kan taswira kuwa kowa na ganin ranar da aka shigar da shi, da kwanakin da ya yi ba a taɓa shi ba. Maƙwabcinka zai ga ba shi kaɗai ramin ya dama ba. Ɗan jarida zai iya ƙirga ramukan da suka haura wata shida.

Akwai kuma amfanin da babu wanda ya yi tsammani. Daga 2005, mazauna New York sun riƙa jin wani ƙamshi mai zaƙi yana tasowa lokaci-lokaci, har wasu suka tsorata ko guba aka saki. Da hukuma ta haɗa wurare da lokutan kiran 311 da inda iska ta kaɗa a ranakun, sai a 2009 aka gano wata masana'anta ce a jihar New Jersey da ke sarrafa 'ya'yan hulba. Babu mai kira ɗaya da ya san amsar. Tarin kiran ne ya fito da ita.

Sharaɗin da na ambata shi ne a samu mai ji a ɗaya ɓangaren: ma'aikacin da aka ɗora wa karanta saƙonnin, da mota, da kayan aiki, da kuɗin mai. Inda babu wannan, shafin ƙorafi ya fi rashinsa muni. Mutum ya ɗauki hoto sau ɗaya, sau biyu, sau uku, shiru, to ya gama yanke hukunci cewa magana ba ta da amfani, kuma da wuya ka sake tayar da shi ko da an zo da abu na gaskiya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kafin a rubuta layi ɗaya na manhaja, a je a zauna da hukumar a ji wa zai amsa, cikin kwana nawa.

Me ya sa unguwannin masu hali ne ake saurin gyara wa, ko da manhajar ta kowa ce?

Domin su ne suka fi kira. Birnin Boston ya fito da wata manhaja mai suna Street Bump a farkon shekarun 2010. Direba zai ajiye waya a mota, duk inda motar ta yi tsalle wayar ta ji girgizar ta aika da wurin. Dabara ce mai kyau, sai dai masu nazari sun yi saurin nuna gurguntarta: sai mai mota da babbar waya ne ke aika rahoto. Titin unguwar talakawa da tsofaffi, inda ramukan suka fi yawa, shi ne zai fi yin tsit a taswirar.

Wannan matsala tana bin kusan kowace fasahar al'umma. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa mutum biliyan 2.6, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya, ba sa amfani da intanet. A cikin masu amfani da shi ma akwai mai ƙaramar waya, da wanda bai iya karatu ba, da matar da wayar gidan ba a hannunta take wuni ba, da makaho wanda ba a gina shafin yadda na'urar karanta masa za ta fahimta ba. Idan hukuma ta ɗauki yawan ƙorafi a matsayin ma'aunin yawan matsala, za ta ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi.

Maganin shi ne a buɗe ƙofofi da yawa zuwa ɗaki ɗaya: kiran waya, saƙon tes, saƙon murya, takarda, da mutum mai rai da ke zaune a wani wuri a ranar da aka sani. Shirin U-Report da UNICEF ta fara a Uganda a 2011 da saƙon tes kyauta ya tashi, shi ya sa ya kai ga matasan da ba su taɓa riƙe babbar waya ba. Sannan hukuma ta riƙa duba unguwar da ba a ji ɗuriyarta ba, ta tura mutum ya gani da ido.

Unguwarmu ba ta ma cikin taswira. Daga ina za mu fara?

Daga nan ɗin za ku fara, kuma a ganina babu aikin da ya fi wannan riba ga unguwar da aka manta da ita.

Kibera, ɗaya daga cikin unguwannin marasa galihu mafi girma a Nairobi, ta daɗe tana fitowa a taswirori kamar fili ko daji. A ƙarshen 2009, matasa 13 'yan unguwar suka karɓi horo, suka ɗauki na'urorin GPS suka bi lungu-lungu suna alamta famfo, banɗaki, makaranta, wurin shan magani da wuraren ibada. Suka ɗora komai a OpenStreetMap, taswirar duniya da aka kafa a 2004 wadda kowa ke iya gyarawa kuma kowa ke iya ɗauka kyauta. Daga baya suka ƙara da wuraren da mata ke tsoron bi da dare. Wannan bayani ne da tauraron ɗan'adam ba zai taɓa hango shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A Darussalam ta Tanzaniya, shirin Ramani Huria da aka fara a 2015 ya haɗa ɗaliban jami'a da mazauna unguwanni suka zana magudanan ruwa da wuraren da ambaliya ke ci, har da tambayar dattawa iya inda ruwa ya kai a shekarun baya. A Nairobi kuma, masu bincike da ɗalibai sun hau ƙananan motocin haya da ake kira matatu da wayoyinsu, suka fito da taswirar hanyoyi fiye da 100 a 2014. Motocin sun shekara da shekaru suna ɗaukar yawancin mutanen birnin, amma babu wanda ya taɓa ganin tsarinsu a takarda ɗaya.

Dabarar ma ta girmi kwamfuta. A 1854, lokacin da kwalara ta kashe mutum fiye da 600 a unguwar Soho ta Landan, likita John Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗiban ruwa. Sawun ya kai shi famfon titin Broad, ya shawo kan hukumar yankin ta cire hannun famfon, daga baya ya zana taswirar da ta shahara. Ƙafa da tambaya ne suka yi aikin.

Gargaɗi ɗaya: taswira takobi ce mai kaifi biyu. Unguwar da ba ta da takardun fili, in ta fito fili a taswira, tana iya jawo ruwan famfo, tana kuma iya jawo motar rusau. A zauna da mutanen wurin a yanke abin da za a wallafa da abin da za a riƙe, kafin a fita da na'ura.

Za mu iya sa baki a yadda ake kashe kuɗin birni, ko sai kallo?

Akwai biranen da suka miƙa wani kaso na kasafin kuɗi ga mazauna su zaɓi ayyukan da za a yi. Porto Alegre ta Brazil ce ta fara a 1989, kafin intanet ya shiga gidajen mutane, da tarukan unguwa-unguwa. Talakawan gefen birni suka riƙa zaɓar ruwa, magudana da kwalta. Alƙaluman da Bankin Duniya ya wallafa sun nuna gidajen da ke da ruwa da magudana sun tashi daga kashi 75 a 1988 zuwa kashi 98 a 1997. Amma da siyasar birnin ta juya kuma kuɗi suka yi ƙasa, sai ayyukan da aka zaɓa suka riƙa taruwa ba a yi ba, har aka dakatar da tarukan a 2017.

Paris ta ɗauki tsarin a 2014, ta ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin manyan ayyukanta, ana zaɓe ta intanet da kuma takarda, har baƙin da ba 'yan ƙasa ba suna jefa ƙuri'a muddin a birnin suke zaune. Madrid ta buɗe shafin Decide Madrid a 2015, Barcelona ta buɗe Decidim a 2016. Manhajojin biyu kyauta ne, kowane birni na iya ɗauka ya gyara daidai da buƙatarsa, kuma da yawa sun ɗauka.

Darasin Madrid ya cancanci a tsaya a kansa. An ce duk shawarar da ta samu goyon bayan kashi ɗaya cikin ɗari na mazauna masu shekara 16 zuwa sama za a kai ta ƙuri'ar jama'a. Mutane suka zuba dubban shawarwari, da yawansu maimaicin juna, goyon baya ya warwatse. Biyu kacal suka kai ga ƙuri'ar da aka yi a Fabrairun 2017. Buɗe wa kowa baki abu ne mai sauƙi. Haɗa bakin wuri ɗaya shi ne aikin.

Inda hukuma ba ta miƙa komai ba, akwai bibiya. Ƙungiyar BudgIT da aka kafa a Legas a 2011 tana mayar da kundin kasafi mai ɗaruruwan shafuka zuwa zane da kowa zai gane, sannan ta hanyar shirinta na Tracka mutane su je su duba ko aikin da ke takarda yana nan a ƙasa. Hoton fili babu komai, kusa da layin kasafin da ya ce an gina asibiti a wurin, hujja ce da ke da wuyar musantawa.

Ai duk tattaunawar intanet da zage-zage take ƙarewa. Akwai mafita?

Yawancin zagin daga yadda aka gina wurin yake fitowa. Shafin da ke ɗaga maganar da ta fi jawo martani, to mai zafin baki yake ba lada. A 2015, da Taiwan ke neman yadda za ta yi da rikicin Uber, kamfanin kiran mota ta waya, da direbobin tasi, an yi amfani da wata manhaja mai suna Pol.is. Kowa na iya rubuta gajeren ra'ayi, amma babu wurin mayar da martani. Sai dai ka danna na yarda, ban yarda ba, ko na wuce. Manhajar tana rarraba mutane rukuni-rukuni, ta fito da maganganun da rukunonin da ke adawa da juna suka amince da su tare. Sai aka ga ɓangarorin sun haɗu a kan abubuwa irin su inshorar fasinja da tantance direbobi, aka gina ƙa'idoji a kansu.

Zauren unguwa na WhatsApp ba shi da wannan tsari, don haka mutane ne za su zama tsarin. Haɗarinsa mafi girma jita-jita ce. A Indiya, saƙonnin ƙarya game da masu satar yara sun sa an kashe mutane da dama da ba su ji ba su gani ba, har WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a 2018, ya faɗaɗa dokar ga duk duniya a farkon 2019. A Amurka, shafin maƙwabta na Nextdoor ya sauya fom ɗinsa a 2016 saboda yadda ake yawan kai rahoton baƙar fata a matsayin abin zargi don kawai sun wuce ta titi. Aka tilasta wa mai rahoto ya faɗi abin da mutumin ya aikata da irin tufafinsa, ba launin fatarsa kaɗai ba.

Ƙa'idojin da na ga suna riƙe zaure kaɗan ne. Kar a saka hoton wani da sunan ɓarawo. Mai kawo labarin tsoro ya faɗi ko da idonsa ya gani. A raba zauren sanarwa da na hira. Masu kula da zauren su zama fiye da ɗaya, kuma kar dukkansu su fito daga ɓangare guda. Rigimar da ta yi zafi a ɗauke ta daga waya a kai ta inda za a ga fuskar juna.

Muna son mu sa kyamarori saboda tsaro. Akwai laifi?

Tsoron ɓarawo gaskiya ne, ba na raina shi. Amma a amsa tambayoyi huɗu a rubuce tukuna: wa ke kallo, kwana nawa ake ajiye hoton, wa ke da ikon neman a ba shi, kuma wa zai hukunta wanda ya yi amfani da shi don bin diddigin matarsa, abokin gabarsa ko ɗan adawa. Kyamarar da aka sa don ɓarawo tana ganin wanda ya shiga gidan wa, da ƙarfe nawa.

San Diego ta kafa na'urori kimanin 3,000 a jikin fitilun titi da sunan rage kuɗin wuta da ƙirga zirga-zirga. Daga baya jama'a suka gano 'yan sanda na ɗaukar hotunan don bincike ba tare da wata dokar da ta tsara hakan ba, aka yi ta ce-ce-ku-ce har aka dakatar da su a 2020. Manhajar gane fuska kuwa ta fi haɗari. Binciken hukumar ma'aunai ta Amurka na 2019 ya gano yawancin irin waɗannan manhajoji sun fi yin kuskure a fuskokin 'yan asalin Afirka da Asiya. A Janairun 2020 aka kama Robert Williams a ƙofar gidansa a gaban 'ya'yansa, bisa zargin satar da aka yi a Detroit, saboda na'ura ta ce shi ne, alhali ba shi ba ne. San Francisco ta riga ta hana hukumominta amfani da wannan fasaha tun Mayun 2019.

Sau da yawa fitila mai aiki da maƙwabtan da suka san juna sun fi kyamarar da babu mai duba ta.

Ana ta maganar "birni mai basira". Shi ne wannan?

Suna haɗuwa a wasu wurare, amma tushensu daban. Birni mai basira yawanci daga sama yake saukowa: kamfani da hukuma su shimfiɗa na'urori su tara bayanai. A 2017 kamfanin Sidewalk Labs, ɗan'uwan Google, ya samu damar tsara wata sabuwar unguwa mai eka 12 a bakin ruwan Toronto. Zanen ya ƙayatar, amma tambaya ɗaya ta ƙi amsuwa: bayanan da za a tara a kan mai tafiya a titi, na wane ne? Ann Cavoukian, tsohuwar kwamishinar kare sirri ta lardin Ontario wadda ke ba su shawara, ta ajiye aiki a 2018 a kan wannan batu. Kamfanin ya janye a Mayun 2020, ya ce rashin tabbas na tattalin arziki ne dalili, bayan shekara biyu da rabi yana fama da adawar mazauna.

Mai shiga shafin intanet yana iya ƙin amincewa ya fita. Mai bin titin unguwarsu ba shi da wannan zaɓi.

Za a iya yin zaɓe ta intanet?

Estoniya na yi tun 2005, kuma a zaɓen majalisarta na 2023 fiye da rabin ƙuri'un ta intanet aka jefa. Sai dai tana da katin shaida na lantarki da kusan kowa ke riƙe da shi. Norway ta gwada ta daina a 2014. Don zaɓen wane titi za a fara gyarawa, waya ta wadatar. Don zaɓen shugabanni, inda dole ƙuri'a ta zama sirri kuma wanda ya faɗi ya iya gamsuwa da ƙirgen, ni takarda na fi amincewa da ita.

Unguwa za ta iya mallakar intanet ɗinta?

Za ta iya. Guifi.net ta fara a 2004 a yankin Kataloniya na Sifen, inda mutanen da kamfanoni suka yi watsi da su suka riƙa ɗora eriya a rufin gidajensu suna haɗa juna, har ta kai dubun-dubatar mahaɗai. A unguwar Red Hook ta Brooklyn, wata ƙungiyar matasa ta fara ƙaramin layinta na intanet a 2011. Da guguwar Sandy ta afka a Oktoban 2012, wuta da layukan waya suka ɗauke, wannan ɗan layin ya zama hanyar da mutane ke jin inda ake raba taimako. Bayan haka suka horar da matasan unguwar su zama masu kula da shi, ana biyansu. Ba a fafe gora ranar tafiya. A fara da binciken dokar sadarwa ta ƙasa, domin wasu ƙasashe na buƙatar lasisi.

Ban san komai a kwamfuta ba. Ina da abin yi a nan?

Kai ne ma aka fi nema. Masu rubuta manhaja sun fi masu bibiya yawa. Ana buƙatar wanda ya san tarihin kwatar, wanda zai kira ofis ranar Litinin ya sake kira ranar Alhamis, wadda matan unguwa ke saurara, da wanda zai karanta wa tsoho saƙo.

A Boston, dusar ƙanƙara na binne famfunan kashe gobara, ma'aikata kuma ba su isa su tone su duka ba. A 2011 masu aiki da ƙungiyar Code for America suka yi ɗan shafi inda mutum zai ɗauki famfo ɗaya ya sa masa suna, ya yi alƙawarin share shi. Honolulu ta ɗauki manhajar ta mayar da ita ta kula da jiniyar gargaɗin igiyar tsunami. Manhajar ƙarama ce ƙwarai, mai shebur ne ke aikin. A Stuttgart ta Jamus, tun 2015 mazauna ke haɗa 'yar na'urar auna ƙurar iska da hannunsu suna rataye ta a bango, yanzu akwai dubbanta a ƙasashe da dama. Ba ta kai ta hukuma daidaito ba, amma tana nuna titin da hayaƙi ya fi yawa da lokacin da yake tashi. A Amsterdam kuma, Martine Postma ta shirya zaman gyara na farko a 2009, inda masu sana'ar hannu ke taya maƙwabta gyara rediyo, keke da tufafi maimakon a zubar.

Ƙirƙirarriyar basira, wato AI, fa?

Tana da amfani wajen fassara sanarwa, mayar da murya rubutu, da taƙaita dogon kundi, muddin mutum zai duba abin da ta fitar, domin tana yin kuskure da cikakken ƙarfin hali. Inda nake jan kunne shi ne a bar mata hukunci a kan mutane. A Fabrairun 2020 wata kotu a Hague ta haramta tsarin SyRI, wanda gwamnatin Holan ke amfani da shi wajen hasashen masu zambar kuɗin tallafi, kuma a unguwannin talakawa aka riƙa gwada shi. A shekarar ce Amsterdam da Helsinki suka buɗe rajistar da ke bayyana irin waɗannan tsare-tsaren kwamfuta da hukumominsu ke amfani da su da abin da kowanne ke yi. Wannan abu ne da mazauna kowane birni za su iya nema.

Me ya sa irin waɗannan ayyuka ke mutuwa bayan shekara ɗaya ko biyu?

Saboda ana samun kuɗin ƙaddamarwa, ba a samun na kulawa. Tallafi ya ƙare, matashin da ya gina shafin ya samu aiki a wani gari da kalmar sirrin a kansa, kuɗin ajiyar shafin ya zo babu mai biya. Ko kuma sabon magajin gari ya hau, ya ƙi taɓa abin da na baya ya fara. Su ma manyan hukumomi ba su tsira ba: a Mayun 2019 masu kutse suka kulle kwamfutocin birnin Baltimore, aka yi makonni ba a iya fitar da takardun kuɗin ruwa ba, cinikin gidaje ma ya tsaya cik na wani lokaci.

Don haka a fara da abin da ke hannu. Fom na kyauta, jadawali ɗaya da zaure ɗaya sun isa a gane ko mutane za su yi amfani da abin. In an ga buƙata, a nemi manhajar da wasu suka riga suka gina suka sake ta kyauta. Ushahidi, wadda aka haɗa cikin 'yan kwanaki a farkon 2008 don tattara rahoton rikicin bayan zaɓen Kenya, an yi aiki da ita a girgizar ƙasar Haiti ta 2010 da wurare masu yawa bayan nan. Kalmar sirri ta kasance a hannun mutum uku. A riƙa sauke bayanan ana ajiyewa a wani wuri dabam. Kar a karɓi bayanin da ba a buƙata, domin abin da ba ka tara ba ba za a sace shi a hannunka ba.

In mun yi duk wannan, hukuma ta yi kunnen uwar shegu fa?

Sai a sauya abin da ake tarawa: daga ƙorafi zuwa hujja. A rubuta ranar da aka kai kowace magana, wa ya karɓa, me ya ce. A nemi lambar shaida ko a sa a buga hatimi a kwafin takardar. Ƙasashe fiye da 100 na da dokar 'yancin samun bayanai. Sweden ce ta fara tun 1766, Indiya ta yi tata a 2005, Najeriya a 2011. Irin wannan doka kan ba hukuma wa'adin kwanakin da za ta amsa, kuma da ita ake neman kwafin kwangila, sunan ɗan kwangila da adadin da aka biya shi.

Bayan wata uku, a fitar da shafi ɗaya tak: ga abin da muka kai, ga wanda aka gyara, ga wanda ya rage da kwanakin da ya yi. A fara da yaba wa ma'aikatan da suka yi nasu, da sunan sashensu, domin a kowace hukuma akwai masu son aiki da ke buƙatar abin da za su nuna wa na sama da su. A kai wa kansila ko wakilin yankin kwafi kafin a kai gidan rediyo, a ba shi mako biyu. Ranar zaman majalisar birni kuma a je da mutane, kowa riƙe da shafin a hannunsa, a nemi a saka maganar cikin ajandar zama na gaba.